Filin Lafiya: Oksijin a Gida da Batun Na'urar Ozon

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan numfashi suka zo, kuma ba abin mamaki ba ne, hunturu ya kankama, ƙura ta tashi. Mun zaɓi shida. Likitan huhu da injiniyan kayan asibiti ne suka haɗu wajen amsawa.

Likita, barka da aiki. An sallamo mahaifinmu daga asibiti, an ce huhunsa ya lalace saboda daɗewar shan taba, kuma zai ci gaba da shan oksijin a gida, lita 2. Wasu sun ce mu sayi silinda, wasu sun ce inji. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu a Kano.

Allah ya ba Baba lafiya, Malam. Kafin a je kasuwa, a koma wurin likitan a nemi abu uku a rubuce: lita nawa a minti, awa nawa a rana, da lambar da ake so ma'aunin yatsa, wato 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin ɗin jini, ya riƙa nunawa. Oksijin magani ne mai awo kamar allura, kuma awannin su ne za su yanke muku hukuncin abin da za ku saya. Bincike biyu da aka wallafa a Amurka a 1980 da Ingila a 1981 su suka nuna cewa mai irin ciwon Baba, wanda oksijin ɗin jininsa ya yi ƙasa sosai, yana samun ƙarin tsawon rai idan yana sha aƙalla awa 15 a kowace rana. Sanya robar na awa ɗaya idan haki ya taso, a cire idan ya lafa, ba ya ba da wannan amfanin.

Ga lissafin silinda. A jikin ƙarfen, wajen wuya, an buga yawan litar ruwan da cikinta zai ɗauka. A ninka wannan da lambar da agogon regileta, wato na'urar da ke kan silinda mai daidaita fitar iska, ya nuna a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar). Silinda mai lita 10 da aka cika zuwa ba 150 tana ɗauke da lita 1,500 na iska. Lita 2 a minti lita 120 ke nan a awa, saboda haka awa 12 da rabi za ta yi, ko wuni guda na Baba ba za ta kai ba. Babbar silindar asibiti, wadda ta kai kafaɗar mutum tsayi, tana ɗaukar kimanin lita 6,800. Baba na bukatar lita 1,800 a rana, ke nan ba za ta cika kwana huɗu ba, a wata ku nemi kamar guda takwas, ga kuɗin cikawa ga na dako. Idan agogonku da wani ma'aunin matsi mai suna psi yake ƙirga, a raba lambar da 14.5 a sami ba.

Injin kuwa, wanda ma'aikatan asibiti ke kira konsantireta, ba ya ƙarewa, domin iskar ɗaki yake zuƙa. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin, kashi 78 naitirojin. Kwamfuresa na tura iskar cikin wasu gwangwanaye biyu cike da ƙwayoyin wani ma'adini mai suna ziyolait, su riƙe naitirojin su bar oksijin ya wuce. Ɗaya na aiki ɗaya na amayar da abin da ya riƙe, suna karɓa-karɓa, shi ne hucin nan da ake ji inji na yi bayan 'yan daƙiƙoƙi. Lafiyayyen inji yana ba da oksijin kashi 90 zuwa 95.

Ga mai shan awa 15, inji mai lita 5 shi ne dokin aiki, silinda kuma ta zama ta ko-ta-kwana, don lokacin ɗauke wuta, ko lalacewar inji, ko tafiya asibiti. Gidan da ke da inji kaɗai babu silinda yana kan siraɗi.

Sai a yi hattara da ƙananan injina masu kyan gani da ake tallatawa a intanet da rubutun lita 1 zuwa 7. Da yawansu a lita 1 kaɗai suke ba da kashi 90, da an murɗa zuwa 5 ko 7 sai ya faɗo wajen kashi 30, kusan iskar fanka ke nan. Tambayar da za a yi wa mai sayarwa ita ce: kashi nawa yake bayarwa a lita mafi yawa? Na ratayawa a kafaɗa masu batir su ma yawancinsu sai mutum ya ja numfashi suke fesa ɗan kaɗan, kuma lamba 2 a jikinsu ba lita 2 ba ce. Idan na hannu za a saya, a duba ma'aunin awannin da ya yi aiki, a kuma dage sai an gwada shi da na'urar auna tsabtar oksijin a gabanku yana kan lita 5. Ziyolait na shan laima ya mutu idan inji ya daɗe a ajiye, sai ka ga yana kuka yana hura iska lafiya lau alhali oksijin ɗin ya tafi. A leƙa takardar bayansa kuma: wanda aka shigo da shi daga Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, namu 220 zuwa 240, ana jona shi kai tsaye zai ƙone.

Kulawar ba ta da wuya. A ajiye shi nesa da bango da labule da kamar santimita 30, a ɗakin da iska ke shiga. Soson da ke tare ƙura a gefe ko baya a wanke shi da ruwan sabulu mako-mako, a hunturu sau biyu a mako, kada a mayar sai ya bushe ƙarau, don haka yana da kyau a sami na canji. A bazara idan ɗaki ya haura digiri 35 zuwa 40 yawancin injina na fara kasawa, a kunna masa fanka. Ƙwallon ma'aunin lita tsakiyarsa ake daidaitawa da layin, ana kallonsa ido da ido, ba daga sama ba. Idan ana shakkar iska na fita, a tsoma bakin robar hanci a kofin ruwa, in babu kumfa a bi tiyo a nemi inda ya lanƙwashe ko ya zare. Jan fitila ko ruwan ɗorawa da ta ƙi mutuwa bayan minti 10 da kunnawa na nufin tsabtar ta faɗi, a koma silinda a kira mai gyara.

Muna da injin, matsalarmu wuta. Batir ɗaya da inbata za su riƙe shi dare guda? Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

Ba za su riƙe ba. Inji mai lita 5 yana cin wat 300 zuwa 400, mu ɗauki 350. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa a takarda, amma batirin gubar da aka saba da shi rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko, inbata kuma ta ci nata kason. Abin da ya rage wajen 1,000 ne, awa uku ke nan. Daren awa takwas na neman irin batirin nan aƙalla uku, ko na litiyam mai kilowat 5 na awa guda ɗaya, kuma da sharaɗin ba a jona firji da talabijin a kai ba. Awa 15 a rana ya haura kilowat 5 na awa, wanda zai bukaci faifan sola na wajen wat 1,500. Inbatar ta zama mai tsabtacciyar wuta, wadda masu sayarwa ke kira fiyo sayin web, ta kuma kai aƙalla wat 1,000, saboda kwamfuresa na fizgar wuta da yawa lokacin tashi. Sitabilaiza dole ce, ƙaramar wuta na kashe kwamfuresa fiye da ɗaukewa gaba ɗaya.

In janareta ne, a kai shi waje, nesa da ƙofa da taga da aƙalla mita 6. Soro da ƙarƙashin bene ba waje ba ne. Hayaƙinsa na da kabon monoksaid, marar wari marar launi, injin oksijin kuma iskar ɗakin yake zuƙa. Mafi muni, ma'aunin yatsa ba ya bambance jinin da ya ɗauki wannan guba da wanda ya ɗauki oksijin, sai ya nuna 98 mutum na mutuwa. Idan mutanen gida biyu ko uku suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci ɗaya ana kunne da janareta, a fita waje tukuna, a yi bincike daga baya.

Likita, wani mai sayar da kayan lafiya ya kawo mana wata na'ura, ya ce ozon take fitarwa, wai oksijin ne mai ƙarfi, tana kashe ƙwayoyin cuta a ɗaki, kuma idan mai asma ya shaƙa huhunsa zai wanke. 'Yata mai shekara 9 tana da asma. In saya? Daga wata uwa a Kaduna.

Hajiya, kada ki saya, in kuma an riga an bar miki ita don gwaji, kada ki kunna ta yarinyar na ɗaki. Za mu ɗan tsawaita a nan, don tallan yana da daɗin ji kuma akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa da ake fakewa da ita.

Oksijin da jini ke ɗauka ƙwayar zarra biyu ne a haɗe. Ozon uku ne, kuma ta ukun ba ta zama, duk abin da ta taɓa sai ta ci shi. Shi ya sa yake tsattsage roba, yake kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Birnin Nis na Faransa ya fara tsabtace ruwan sha da shi tun 1906, kuma masana'antun ruwan roba da na leda da yawa na amfani da shi har gobe. Wannan gaskiya ne. Haka kuma ozon da ke can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35, yana tare mana mugun hasken rana. Amma abin da yake yi wa ƙwayar cuta da roba shi yake yi wa fatar cikin hanyoyin iska. Jini ba ya ɗaukar ozon ya kai wa jiki, tun a maƙogwaro da huhu yake ƙarewa, ya bar ƙuna. Sakamakon shi ne tari, ƙaiƙayin maƙoshi, zafin ƙirji in an ja dogon numfashi, da tsukewar hanyoyin iska. Mai asma hanyoyinsa dama a kumbure suke, shi ne farkon wanda zai kamu. Idan ya yi yawa yana tara ruwa a huhu, wani lokaci sai bayan awanni da shaƙa, yadda ba wanda zai zargi na'urar.

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta rubuta a dokarta tun shekarun 1970 cewa ozon iska ce mai guba da ba a san mata wani amfani na magani ba, kuma yawan da zai kashe ƙwayoyin cuta ya zarce abin da mutum zai iya jurewa nesa ba kusa ba. Ta ƙayyade kada na'ura ta tara ozon fiye da kashi 0.05 cikin miliyan na iska a inda mutane suke. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ozon cikin gurɓatattun iskokin da ake aunawa a birane, da iyakar maikirogiram 100 a kowace kubik mita a tsawon awa 8. Wato na'urar tana tsakanin biyu: in an rage ta yadda ba za ta cutar ba, ba ta kashe komai, in an ƙara ta yadda za ta kashe, ɗakin bai zaunuwa.

Masu talla kan ce ki ji ƙamshin tsabta, irin na bayan ruwan sama mai tsawa. Warin ozon ne, daga shi ma ya sami sunansa, kalmar Girkanci ce ta wari, wadda masanin kimiyya Christian Schönbein ya laƙaba masa bayan ya gano shi a 1839. Irinsa ake ji kusa da tsohuwar na'urar hoton takardu. Hanci na sabawa da shi cikin ɗan lokaci, don haka daina jin warin ba ya nufin ya tafi. Sannan yana haɗuwa da turaren fesawa da ruwan goge ƙasa masu ƙamshin lemo ya haifar da wasu abubuwan masu harzuƙa huhu, har da fomaldihaid. Sunaye irin su oksijin mai kuzari, ko iskar tsauni, duk riga ce aka sa masa.

Akwai kuma wuraren da ke abin da suke kira jinyar ozon: a ɗebi jini a gauraya da shi a mayar, ko a hura ta dubura. Babu ingantacciyar shaida cewa wannan na warkar da asma ko lalacewar huhu, kuma su kansu masu yin sa suna hana a shaƙa. Tura iskar kai tsaye cikin jijiya na iya toshe hanyar jini. Masu amfani da injin CPAP, mai taimaka wa numfashi lokacin barci, su ma su lura, a 2020 hukumar nan ta Amurka ta yi gargaɗi kan na'urorin wanke shi da ozon bayan koke-koken tari da tashin asma. Ruwan ɗumi da sabulu sun isa.

Abin da 'yarki ke bukata ya fi wannan araha. Inhela iri biyu ce: ta buɗe ƙirji, salbutamol, wadda galibi shuɗiya ce, don lokacin da abin ya taso, da ta rigakafi mai maganin kumburi, wadda ake sha kullum ko ana lafiya. Yaron da ke neman shuɗiyar fiye da sau biyu a mako, ko tari ke tashinsa da dare, a mayar da shi asibiti a duba batun ta rigakafin. Ta riƙa sha ta cikin sifesa, wato 'yar gorar da ake sawa tsakanin inhela da baki. In babu, gorar ruwa ta rabin lita da aka huda gindinta daidai bakin inhela tana aiki, an gwada hakan a kan yara a Afirka ta Kudu. Fesa ɗaya, numfashi biyar ko shida, sannan na gaba. A ɗakin kwananta a daina turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, gidan sauro ya maye gurbinsa. A goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara tana ciki. In akwai hali kuma ana son na'ura, a nemi na'urar tace iska mai matatar ƙura ta HEPA zalla, a tabbatar babu maɓallin ozon ko ayon, in akwai a bar shi a kashe.

Mahaifiyata na haki ko banɗaki ta je, amma ma'aunin yatsa na nuna 96 ko 97. Maƙwabcinmu na da inji, in aro mata? Kuma lalle na hana ma'aunin aiki? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Haki daban, ƙarancin oksijin daban. Wanda jininsa ya cika da oksijin, ƙari ba ya rage masa haki, sai dai ya jinkirta zuwa asibiti. Mama na bukatar a auna yawan jininta, domin mai ƙarancin jini ma'auni zai nuna 98 alhali motocin ɗaukar kayan, wato ƙwayoyin jinin da ke ɗaukar oksijin, su ne suka yi kaɗan. A duba zuciya, musamman in ƙafafu na kumbura ko ba ta iya kwanciya sai da matasai biyu ko uku. A duba hawan jini, a ɗauki hoton ƙirji, in akwai tarin da ya wuce mako biyu a gwada kaki don tarin fuka. Kafin nan, ƙaramar fanka da ke hura fuska na rage jin haki, haka ma jan numfashi ta hanci a sake shi a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura koko.

Baƙin lalle da jan farce na iya rikita ma'aunin, jan lalle bai cika ba. A nemi yatsan da ba a yi wa ba. Hannu mai sanyi ma na ba da ƙarya, a murza shi ya yi ɗumi, a zauna shiru, a jira kamar minti ɗaya lambar ta tsaya. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: binciken Jami'ar Mishigan na 2020 ya gano cewa ma'aunin kan nuna wa baƙar fata lamba sama da gaskiya, har ɓoyayyen ƙarancin oksijin ya ninka na farar fata kusan sau uku. Don haka 92 ko 93 a yatsanmu ba abin sakankancewa ba ne. Wanda ba ya iya ƙarasa jimla, ko harshensa da cikin leɓensa suka yi toka-toka, ko ya rikice, ko ƙirji ke masa ciwo, asibiti za a nufa ko me ma'auni ya ce.

Ga masu irin ciwon Baban mai tambaya ta farko kuwa, 88 zuwa 92 ake nema, ba 98 ba. Murɗa musu lita don a ga babbar lamba na sa kabon dayoksaid ya taru a jini. Alamarsa yawan barci, ciwon kai da safe, rawar hannu da ruɗewa, 'yan gida kuma su ce ai ya samu sauƙi, barci yake.

A garinmu babu mai cika silindar asibiti sai masu walda. Ba duk oksijin ba ne? Daga wani mai karatu a jihar Yobe.

Iskar ɗaya ce a asali, tukunyar ce abin tsoro. Silindar asibiti ana zuƙe ta tas kafin a sake cikawa, ana gwada tsabtar, ana bin lambar kowane cikawa. Ta walda ba wanda ya san me ya koma cikinta: asitilin, laima, tsatsa ko mai. Launi ma ba shaida ba ne, na tsohon tsarin Ingila baƙar jiki da farar kafaɗa, na Amurka kore, fenti kuma kowa na iya yi. A tambayi sashen oksijin na babban asibiti mafi kusa inda suke cikawa, a riƙe silinda biyu ana musanya. A gida a ɗaure ta a tsaye jikin bango da sarƙa ko igiya, in ta faɗi kanta ya karye tana tashi kamar harsashi. A buɗe bawul a hankali, fuska a gefe, da hannu marar maiƙo, kuma kada a taɓa shafa wa regileta mai ko giris don ta yi tauri. Oksijin mai matsi da mai na kamawa da kansu ba tare da ashana ba. Yoyo da kumfar sabulu marar maiƙo ake nemansa a mahaɗa.

Robar ta busar wa mijina hanci har yana haɓo. Ina shafa masa basilin, daidai ne? Daga wata matar aure a Sakkwato.

A'a, ki daina, Malama. Basilin daga man fetur aka samo shi, man kaɗe da man zafi su ma maiƙo ne, kuma maiƙo a inda oksijin ke hurawa makamashi ne. A kantin magani ki nemi jel mai ruwa, irin K-Y, da ɗigon ruwan gishiri na hanci. In ana amfani da kwalbar laima, wadda oksijin ke ratsawa ta cikin ruwanta don kada ya busar da hanci, a zuba tataccen ruwa, ko dafaffe da ya huce, tsakanin layukan biyu, a canza kullum, a wanke kwalbar, a ɗaura murfin daidai, don karkataccen murfi shi ne inda iska ta fi zurarewa. Robar hanci a sauya ta duk mako biyu zuwa huɗu, ko bayan mura. Ƙahonninta ƙasa suke lanƙwasa, ba sama ba. In haɓon ya ci gaba a auna masa hawan jini.

Tunda sanyi ake, kaskon jin ɗumi, kaskon turare, risho, kyandir da murhun gas duk su yi nesa da shi da aƙalla mita 2, mafi kyau a ce ba sa ɗakin. Oksijin na shiga gemu da bargo da rawani ya zauna, tartsatsi ɗaya ya isa. Taba da shisha babu su a ɗakin, ko baƙo ne. In ya cire robar zai ci abinci ko alwala, a kashe injin, kada a bar ta kan katifa tana hurawa.